Abin da Ke Cikin Layar Madugu

Na san abin da ake faɗa a kaina a gidajen mutanenmu na Birmingham da Manchester, kuma na san ku 'ya'yana kun ji shi kafin ni in ji. An ce tsufa ya taɓa ni, na ɗauki asirin gidanmu na kai wa Turawa suka sa a gilashi. An ce ni na kashe auren Nasiru da hannuna. Maganar ta biyu akwai gaskiya a cikinta, ba zan yi musu ba. Amma tunda kowa ya ba da nasa labarin, ni ma zan rubuta nawa yanzu da idona ke iya ganin layi, don kada bayan raina ku riƙa ba wasu haƙuri a kan abin da ni ban yi nadamarsa ba.

Kun san layar nan ta jar fata, wadda ba ta fi tafin hannun mace ba. Mahaifina ya rataya mini ita ranar da zan bar Kano karon farko, ya ce ta kakansa ce, Madugu Isa, wanda ya riƙa jan ayari daga Kano zuwa Agadas, zuwa Gat, har Gadamas, kuma wani babban malami na can arewa ne ya rubuta masa ita don tsarin hanya. Ya ba ni dokokinta guda uku kamar yadda aka ba shi: ba ta taɓa ƙasa, ba a shiga banɗaki da ita, ba a buɗe ta. Wanda ya buɗe laya ya zubar da abin da ke ciki, haka kowa ya sani a unguwarmu. Da ita na yi shekarun Agadas inda na koyi yaren Buzaye a bayan motar kaya. Da ita na zauna Khartoum har Larabci ya zauna a bakina, na yi Marseille, na yi aikin jirgin ruwa har ƙarshen arewacin Norway inda rana ke ƙin faɗuwa. Duk inda na sauka aka tambaye ni ko ni wane ne, amsata ɗaya ce: jikan madugu ne ni, tafiya gadonmu ce. Har maƙwabcinmu a unguwar Handsworth ta Birmingham, Winston, dattijon nan ɗan Jamaika da muke zama a gaban shagon aski, na sha yi masa wannan taƙama. Nakan ce masa mu namu kakannin a kan raƙumi suka yi tafiya, ba a cikin jirgin bayi ba. Yakan yi dariya ya ce to ranka ya daɗe, jikan sarki, ga shi dai bas ɗaya muke jira. Na rubuta wannan ne don ku san irin bakin da nake da shi kafin shekarar nan.

Shekarar ita ce wadda council, wato ƙaramar hukuma, ta shiga rage kuɗin komai. Aikin tafinta da na yi shekaru ina yi a asibitoci da kotuna aka mayar da shi ta waya, wani can da bai taɓa ganin fuskar mara lafiya ba shi ke fassara masa ciwonsa. Na koma zaman gida, mahaifiyarku ta gaji da ni a falo, sai na fara zuwa laburaren unguwa ina taimaka wa tsofaffi cike fom. Shi ma laburaren an rage masa kwanaki, ana raɗe-raɗin rufe ɗakin tarihin unguwa da ke samansa. Ma'aikatan suka yi shawarar shirya nuni don a ga ɗakin yana da amfani: tsoffin hanyoyin fatauci na ɗaruruwan shekaru, kowane gida ya kawo abin da kakanninsa suka bari. Wani ƙaramin gidan adana kayan tarihi a Manchester ya yarda ya ba da aron taswira da mai gyaran kaya. Indiyawa suka kawo ma'auni da yadi, wani Bayamane ya kawo turmin gahawa. Ni kuwa ba sai an roƙe ni ba. Na ce ina da abin da ya tsallake Sahara a wuyan madugu.

Sai dai gidajen Handsworth kun san su da laima. Da na ciro layar daga akwatin da ta yi shekaru a ciki, sai na tarar fumfuna ta kama gefe ɗaya, zaren ɗinkin ya ruɓe, bakinta ya ɗage har ana hango takarda. Mai gyaran kayan, wata Baturiya mai suna Helen, ta duba ta da safar hannu a ɗakin aikinta na Manchester, ta ce in ba a fitar da takardar an busar ba, nan da shekara biyu za ta zama gari. Na kira mahaifiyarku a waya. Ta ce kada in kuskura, abin da mutum huɗu suka riƙe a rufe ba ni zan buɗe shi a gaban wadda ba ta da alwala ba. Na yi ta tunani a kan kujerar ɗakin aikin. A ƙarshe na ce wa kaina ayoyin Allah ne a ciki, barinsu su ruɓe ya fi buɗe su muni. Na yi bisimilla na ce ta buɗe.

Ta ɗauki kusan awa guda tana warware ninkin da wani ɗan ƙarfe siriri. Ina jiran in ga hatimi da gidajen lambobi irin na layu. Abin da ya fito rubutu ne layi-layi, da irin hannun Larabawan Magrib, da sunayen shaidu biyu a ƙasa. Helen ba ta jin Larabci. Ta juyo da fitilar wajena ta ce in karanta mata addu'ar. Na karanta a zuci sau biyu kafin in buɗe baki. Ba addu'a ba ce. Takardar 'yanci ce. Wani attajirin Gadamas ne ke shaida cewa ya 'yanta baiwarsa saboda Allah, Hauwa, baƙa, Bahaushiya, mai tsaga uku a kowane kunci, tare da ɗanta Isa wanda bai kai kaciya ba, kuma babu mai ikon kama su a hanya ko a zango.

Na san hanyar nan, na bi rabinta a mota ina kuka da ƙishi. A nan take na ga abin da ya faru kamar a gabana aka yi. Wanda aka 'yanta a arewa, in ya kama hanyar gida ba takarda, a rijiya ta farko wani zai sake ɗaure shi. Takarda a fili kuma ana iya ƙwace ta a yaga. Amma ba ɗan fashin da zai yanke laya daga wuyan yaro, yana tsoron abin da ke ciki. Sai matar nan ta kai takardarta wurin baduku aka ɗinke ta kamar laya, ta rataya wa ɗanta, ta ce masa kada ta taɓa ƙasa, kada a shiga da ita inda za ta jiƙe, kada a buɗe. Dokokin nan uku da muka riƙe kamar ibada, gargaɗin uwa ne ga ƙaramin yaro. Shi Isa wataƙila ya girma ya yi fatauci har aka riƙa kiransa madugu, ban sani ba. Abin da na sani shi ne karon farko da jininmu ya bi hanyar Gadamas, a cikin kaya aka lissafa shi.

Ban faɗa wa Helen nan take ba. Na tashi na je wurin babbar taswirar da za su ba mu aro. An zana hanyoyin da jan launi tun daga zamanin da: daga Kano da Katsina zuwa Agadas, daga Barno zuwa Bilma, su haɗu su haura Tarabulus. An rubuta sunayen sarakunan da suka riƙe rijiyoyi, da Buzayen da ba ayarin da ke wucewa sai da yardarsu, da attajiran arewa masu gidaje a kowane zango. A gefen kowace kibiya an jera kaya: zinariya, gishiri, fatu, turkuɗi, gashin jimina. Can ƙarshen jerin, da ƙananan haruffa, bayi. Na tuna wani gidan tarihi da na shiga a arewacin Norway ina saurayi, don gudun sanyi kawai. A can akwai mutanen da ke kiwon wata irin barewa mai rassan ƙaho kamar yadda Fulani ke kiwon shanu, kuma shekaru aru-aru manyan kudu suna zuwa karɓar harajin fatu a hannunsu, wani lokaci sarakuna biyu ko uku a kan mutum ɗaya. A bangon an rubuta sunan kowane mai karɓa. Na masu bayarwa ko ɗaya babu. A lokacin na ce Allah sarki, na wuce, don na ɗauka ni daga gidan masu suna nake. Yanzu ga ni a Manchester, ƙarƙashin kalma mai ƙananan haruffa, kuma a cikin dubban da kalmar ta haɗiye ni kaɗai ne a ɗakin nake riƙe da sunan mutum ɗaya.

Da na dawo gida na faɗa wa mahaifiyarku a kicin, tana yanka albasa. Ba ta ɗago ba. Ta tambaya ko Baturiyar ta gane, na ce na fassara mata. Ta ajiye wuƙar.

"Malam, a samo baduku ko a Leicester ne, a mayar da ita yadda take. Saura wata biyu a sa ranar Nasiru."

Ba ta yi kuskure wajen hango inda matsalar take ba. Nasiru yana neman Safiya, 'yar Dakta Kabiru, likitan nan na Manchester da kowa ke girmamawa. Ranar da muka je gaisuwar farko ya tambayi asalinmu kamar yadda ake yi, ni kuma na zauna a falonsa na ba shi labarin Madugu Isa tun daga Kano har Gadamas, har na ce wata rana zan kawo masa layar ya gani. Ya ji daɗi, ya ce su ma nasu kakannin malaman fatake ne, ashe hanya ɗaya aka bi. To, yanzu na san abin da na faɗa masa ba haka yake ba. Na gaya wa mahaifiyarku cewa ban yi ƙarya da gangan ba a ranar, amma in na yi shiru yau na yi. Ta ce ai ba wanda ya tambaye ni. Na ce an tambaye ni, na kuma amsa.

Na hau jirgin ƙasa ranar Asabar na same shi bayan azahar. Mutumin kirki ne, ina so ku riƙe wannan, don ban yarda wani cikinku ya zage shi ba. Ya saurare ni har ƙarshe, ya karanta hoton takardar da kansa, don shi ma ya yi makarantar allo. Ya ce wallahi a wurinsa wannan ba komai ba ne, a Musulunci babu wanda ya fi wani sai da tsoron Allah, kuma Nasiru yaro ne da ya yaba da shi. Sannan ya rage murya duk da ba kowa a falon.

"Alhaji, ni ban ji ba, kai ba ka faɗa ba. Abu ɗaya nake roƙo, kada ta shiga nunin nan. Ka san mutanenmu. Yau a ɗauki hoto a Birmingham, gobe yana wayar yayyena a Kano. Ni zan iya, su ba za su iya ba."

Na tambaye shi, da takardar ta nuna kakana ne ya sayi Hauwa, ba ita ta haife shi ba, zai hana a nuna? Ya yi ɗan murmushi ya ce Alhaji kai ma ka san amsar. Na ce na sani, shi ya sa na tambaya. Wato in jikan mai ɗaure mutane ne ni, a sa a gilashi a yi alfahari, in kuwa jikan wadda aka ɗaure ne, a kira baduku. Na ce masa na zauna da Larabawa, na zauna da Buzaye, na zauna da Faransawa, ko'ina na ga wannan lissafin, amma ban taɓa zaton zan zauna a falon Bahaushe a Ingila, ƙasar da mu duka ake mana kallon baƙi, a ce in ɓoye uwata ba. Ya ce ba uwata ba ce, kakar kakanni ce da ban taɓa gani ba. Na ce shekara da shekaru tana rataye a wuyana, ban san wanda ya fi kusa da ni kamarta ba. Muka yi sallama da mutunci. Ya raka ni har bakin titi, ya ce in yi tunani.

Wanda ya fi yi mini nauyi shi ne Nasiru. Ya zo gida ranar Litinin daga wurin aiki, ko jakarsa bai ajiye ba. Bai ɗaga murya ba, bai taɓa yi mini haka ba. Ya yi magana da Turancinsa na Birmingham, wanda yake komawa gare shi in abu ya dame shi, ya ce shi bai damu da ko jikan wa ne ba, shi da Safiya sun yi dariyar abin ma. Abin da yake so kawai in jira a ɗaura aure, in ya so in sa takardar a jikin bas. Na ce nunin sati shida ne, bayan shi wataƙila a rufe ɗakin, kuma jira har a ɗaura yaudarar dangin yarinyar ce da mahaifinta ya nemi in taya shi. Sai ya juya harshe ya faɗa da Hausa, a hankali, don in ji da kyau.

"Baba, matar nan ta mutu tun kafin a haifi kakanka. Ni ina raye."

Gaskiya ya faɗa. Na auna rayayyen ɗana da matacciyar da ban san kabarinta ba, kuma na san yadda kowane uba mai hankali zai zaɓa. Amma duk lokacin da na kai hannu waya don in ce wa Helen ta dawo mini da abina, sai in ga matar nan tsaye a gaban baduku tana kallon yadda ake ɗinke 'yancinta, don a duniyar da take ciki ba ta isa ta nuna shi a fili ba. Ita dole ta sa ta ɓoye. Ni wace dole ce a kaina? Ba mai jira na a rijiya da igiya. Abin da ke jira na surutun mutane ne a waya. In na sake ɗinke ta saboda wannan, to har yau ba mu iso gida ba, muna hanya.

Aka buɗe nunin. Helen ta rubuto bayanin da za a liƙa, ta sa wai takardar wata baiwa daga yankin Sahara. Na mayar mata, na ce ba haka za a rubuta ba. Na rubuta da hannuna, da Hausa da Larabci da Turanci: Hauwa, wadda ta tsallake Sahara sau biyu da ƙafa, zuwa a ɗaure, dawowa da ɗanta. A ƙasa na sa cikakken sunana da na mahaifina. Winston ya zo da sandarsa, ya sa tabarau ya karanta, ya daɗe a tsaye. Na shirya wa duk abin da zai faɗa, don na ci bashin bakinsa shekara da shekaru. Ya juyo ya dube ni sama da ƙasa, ya ce to jikan sarki, ina raƙumin? Muka yi dariya har ma'aikaciyar laburaren ta leƙo. Da za mu sauka ya riƙe hannuna a matakala, ya ce shi da zai sami sunan tasa kakar ko a bakin takardar shara ne, da ya sa an buga masa a riga.

Mutanenmu kuwa kaɗan suka zo, amma hoton ya je ko'ina cikin kwana uku, kamar yadda Dakta ya faɗa. Ba wanda ya ce an fasa aure. Aka aiko cewa a ɗan dakata, akwai rashin lafiya a gida. Dakatawar ce har yau. Safiya ta zo nunin ita kaɗai ana saura kwana biyu a rufe, ta karanta, ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce Baba Allah ya ji ƙanta. Ban ƙara ganinta ba. A masallaci wasu da muke cin abinci a kwano ɗaya suka koma gaisuwa daga nesa, wani ma ya tambaye ni cikin raha ko yanzu sai a riƙa aike na. Na ce masa ya aike ni, na san hanya, mu ne muka je muka dawo. Nasiru ya yi Sallah biyu bai taka gidan nan ba. Mahaifiyarku ta yi wata uku tana ajiye mini abinci ba magana. Ɗakin tarihin kuma an rufe shi duk da haka, yanzu ajiyar kujeru ake yi a ciki. Ban ceci laburare ba, ban gyara mutanenmu ba, na kuma jawo wa ɗana baƙin cikin da ba shi ya saya ba.

Nasiru, kai nake nufi da wannan sakin layi. Ka yi aure daga baya, Allah ya ba ka mace tagari, ka dawo kana zama kusa da ni, amma ba mu taɓa tayar da maganar ba, kuma na san wurin bai warke duka ba. Na cuce ka, ina neman gafararka a kan zafin da ka sha. A kan abin da na yi kuwa ba na neman gafarar kowa, kuma da za a mayar da ni falon Dakta yau, amsar da na ba shi ita zan sake ba shi.

Takardar tana cikin akwatina na ƙarfe, a shimfiɗe tsakanin gilashi biyu yadda Helen ta shirya ta, fatar kuma tana gefe a cikin ambulan. Wanda ya gaje ta a cikinku ya kiyaye dokoki biyu na farko: kada ta taɓa ƙasa, kada laima ta same ta. Ta ukun na soke ta. Duk yaron da ya tambaya a gidan nan, a ciro a karanta masa sunan da ƙarfi. Kada wanda ya kira baduku.